Akuya Nake Sayarwa, Kare Ya Bi Ta

Kwanakin baya wani saurayi ya tsayar da babur a ƙofar gidana nan Kazaure, da ɗan kwikwiyo cikin kwali. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Haladu, an ce kai ka san harkar karnuka. Maigidana ya zuba awaki a gonarsa, dila na ɗauke 'ya'yan. Idan na ɗaure wannan a can, yaushe zai fara aiki?"

Na leƙa kwalin na ce, "Wa ya shayar da shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Uwarsa mana, Baba."

Na ce, "To, mayar da shi gida yara su yi wasa da shi."

Ya tafi yana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Saboda shi da irinsa nake wannan bayani. Ku samarin yanzu kuna zaton karen gadi shi ne duk wanda ya girma, ya yi haushi, aka sa masa sarƙa. Ni na yi rayuwata ina haɗa kare da garken awaki tsakanin Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, kuma ban taɓa sayen sarƙa ba.

Da fatu na fara. Lokacin da aka sauke tutar Turawa ina saurayi, ina bin ƙauyuka da jaki ina sayen fatar akuya in kai wa masu awo. Wannan yawo ne ya kai ni rugar wani dattijon Bafulatani a arewacin Babura, ana ce masa Baffa Ori. Ranar da na fara zuwa, tun ban hango bukkokin ba, wani kare kamar ɗan maraƙi ya miƙe daga tsakiyar awaki ya tsaya yana kallona. Bai yi haushi ba, bai zo kaina ba. Na matsa dama, ya matsa dama. Na matsa hagu, ya matsa hagu. Ko ta ina na bi sai in tarar yana tsakanina da awakin. Jakina ya kafe ƙafa ya ƙi gaba.

Baffa Ori ya fito yana dariya ya ce, "Kaɗo, ka tsaya nan in zo in shigo da kai. Ba ni yake gadi ba, 'yan'uwansa yake gadi."

Na ce, "Baffa, waɗanne 'yan'uwa? Awaki nake gani."

Ya ce, "Kai ke ganin awaki. Shi gidansu yake gani."

Ya ja ni bayan bukka ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba: akuya a tsaye, an riƙe mata ƙaho, kwikwiyo biyu suna tsotson hantsarta tare da ɗanta. Daga ranar na rage zuwa awon fata, na yawaita zuwa ruga. Damina biyu na yi ina masa ɗiban ruwa da yankan ƙaya, yana zagina yana koya mini.

Aikin farko shi ne zaɓen kwikwiyo. Irin manyan nan daga arewa suke zuwa, hannun Buzaye da makiyayan da ke ƙetarowa daga Nijar, masu faɗin ƙirji da kaurin ƙafa. Amma girma kaɗai ba ya gadi. Baffa yakan ajiye 'yan kwikwiyo a ƙasa, ya saki ƙwarya ta faɗi a bayansu. Wanda ya ruga ya ɓuya, an bar shi. Wanda ya ruga kan ƙwaryar yana cizo, shi ma an bar shi, wannan na mafarauta ne. Wanda ya juyo ya zauna yana kallonta, kunne a tsaye, shi ake ɗauka. Kuma ana ɗaukarsa ne da zarar idonsa ya buɗe, kafin ya san ƙamshin gidan mutane.

Sai zaɓen uwa, kuma wannan ya fi wuya. Ana neman akuya mai haƙuri wadda ta taɓa haihuwa, mai yawan nono, wadda ta haifi ɗaya. Ka shafa wa kwikwiyon nononta da ɗan fitsarin ɗanta, ka riƙe ta safe da yamma ya sha. Da farko za ta yi harbi, ta yi tunkuyi, ta taka maka ƙafa. Wata ba ta taɓa yarda, sai ka sake wata. Ranar da ka ga ta juyo ta sansana shi ta ci gaba da tuƙa, aiki ya kama. Daga nan a cikin shingen awaki zai kwana, a can zai tashi. Ba a ɗaukarsa a hannu, ba a kiransa ƙofar ɗaki, ba a barin yara su yi wasa da shi. Idan an yaye shi, kaskonsa yana cikin shinge: dusa da tsaki a dafa, a zuba tsala. Ɗanyen naman akuya kuwa ko ƙashinsa kada ya taɓa bakinsa har ya mutu. Idan dabba ta mutu, a binne ta da zurfi a ɗora dutse.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kasko, igiyar riƙe akuya, toka da man shanu don kaska, sai abin wuya. Abin wuyan nan baduku ke yanka shi daga kirgin sa, faɗin tafin hannu, ninki biyu, maƙeri ya soka gajerun ƙusoshi bakinsu na kallon waje. Kura maƙogwaro take nema, idan ta cafka ta ji ƙarfe sai ta saki. Nawa ina sa a yi musu ɗinkin jan zare a gefe, don in gane su ko a ina.

Akwai wata magana da ta kusa hana ni sana'ar. Da na yi niyyar fara kai karnuka ga manoma, na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi. Ya ce ajiye kare don tsaron dabba ko shuka ya halatta, amma cin kuɗin kare malamai sun yi maganganu a kai, gara in nisance shi. Na koma ruga raina a jagule. Baffa Ori ya ce, "Kai Kaɗo, kanka kamar turmi. Wa ya ce ka sayar da kare? Sayar da akuyar. Shi ai ba sai an ja shi ba." Haka na yi. Mai saye ya zo mu yi cinikin akuya da ɗanta, ciniki mai kyau, domin kowa ya san abin da ke biye da ita. Ya kama igiya ya tafi, kare ya tashi ya bi uwarsa. Ba a ambaci sunansa a ciniki ba. Abin da nakan faɗa wa kowane mai saye ɗaya ne: kada ka raba shi da ita.

Yanzu bari in gaya muku abin da karen nan ke yi, wanda ba ku gani. Da sassafe kafin a buɗe shinge yakan fita shi kaɗai ya zagaya, yana sansana ƙasa, yana ɗiga fitsari a gindin itace da kan dutse. Wannan iyaka ce yake shatawa, kuma naman daji yana karanta ta kamar yadda kuke karanta allon kan hanya. Idan an fita kiwo ba ya gaba, ba ya baya. Yakan nemi tudu ta ɓangaren da iska ke tafiya, ya kwanta, don abin da ke son kama akuya ta ƙarƙashin iska yake zuwa kada a ji warinsa. Abin da ke sama da iska hancinsa zai kawo masa, abin da ke ƙasa da ita idonsa na kai. Za ka rantse barci yake yi, amma dubi kunnuwan. Yana sauraron zabin daji, yana sauraron tsuntsaye, yana kallon tsohuwar akuya, idan ta daina ci ta ɗaga kai shi ma ya ɗaga.

Kuma kowane baƙo da irin tarbar da yake masa. Dila wayo gare shi, su biyu suke zuwa: ɗaya ya fito fili ya yi ta rawa don kare ya bi shi, ɗayan ya zagayo ya ɗauke ɗan akuya. Karen banza yakan bi na farkon har ya ɓace. Nawa yakan kora shi zuwa iyaka, ya yi haushi biyu, ya juyo da gudu. Manyan biran dutse da muke ce wa bika, waɗanda suka cika duwatsun Kazaure da Roni a wancan zamani, ba a bin su kan dutse, can suke haɗuwa su yaga kare. A ƙasa yake tsayawa ya yi ta haushi har mutane su zo. Maciji yana da nasa haushin, siriri, a jere, yana ja da baya. Kura kuwa ba haushi ake mata da farko ba. Gurnani ne daga cikin ƙirji, wanda za ka ji a ƙafarka kafin kunnenka. Mai garken da ya zauna da karensa shekara guda, daga cikin ɗaki zai gaya maka abin da ya zo.

Cikin duk waɗanda na haɗa, Duna ya fi. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a ƙirji, kuma wata kyallar akuya ce ta shayar da shi, muna ce mata Kyalla. Na sayar da ita ga Malam Isiyaku, wani manomi a ƙauyen da ke bayan Roni kan hanyar Gwiwa. Gidansa ne na ƙarshe kafin duwatsu, kuma kafin zuwan Duna kusan rabin abin da awakinsa suka haifa daji ke ci. Bayan zuwansa, shekaru suka wuce ko ɗan akuya ɗaya bai ɓata ba. Matarsa Tabawa, wadda da farko ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da najasa ba, ita ce ta koma mai dafa masa dusa. Takan ce, "Ni ban taɓa shi ba, shi bai taɓa ni ba, amma ya fi wasu mazan garin nan amfani."

Sai farin nan ya zo, wanda ya biyo bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Makiyaya suka gangaro daga arewa da shanu ƙashi da fata, suna faɗuwa a bakin hanya. Baffa Ori ya kwashe abin da ya rage masa ya yi kudu, ban sake ganinsa ba. Sana'ata ta tsaya cik, don akuyar da ba ta da nonon ɗanta ba za ta shayar da kwikwiyo ba. Na koma dillancin dabbobi a kara. Da farko kuraye sun ƙoshi da mushe. Da mushen ya ƙare sai suka dawo kan na raye, har suka daina jiran duhu. Shanu ba sa jure fari kamar akuya, saboda haka a shekarar nan duk mai 'yan awaki shi ke da abin musanya da hatsi. Gidan Malam Isiyaku da awakin nan suke numfashi: a sayar da ɗaya, a auno dawa, a ci, a sake sayar da wata. Idan kura ta riga su, sai dai su bi hanya kamar yadda wasu suka bi.

Wata ranar kasuwa ina kara da hantsi sai na ji hayaniya ta wajen mahauta. Na je na tarar mutane sun yi da'ira. A tsakiya ga wata tsohuwar akuya a ɗaure jikin turke, ga wani baƙin kare kwance a gabanta, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙafafunsa sun yi fari da ƙura. Ɗan'asabe mahauci yana tsaye nesa da wuƙa a hannu yana zage-zage.

Ya hango ni ya ce, "Yawwa, ga sarkin karnuka! Haladu, zo ka cire mini wannan shaiɗanin. Na sayi akuya tun safe, ya hana ni kwance ta."

Wani ya ce a kawo gora a rotse masa kai, mahaukaci ne. Na ce kowa ya tsaya. Na ga jan zare a abin wuyan. Duna ne, akuyar kuma Kyalla ce.

Na ce, "Ɗan'asabe, wa ya sayar maka?"

Ya ce, "Wani mai bin ƙauyuka. Ya ce tun daga bayan Roni karen ke biye da shi. Ya jefe shi, ya kore shi, a banza. Kwana biyu suna tafe."

Na ce, "Me za ka samu a jikinta? Dubi bayanta kamar tsani."

Ya ce, "To kai me ya dame ka? Ko surukarka ce?"

Aka yi dariya. Na ce, "Uwar abokin aikina ce. Ina da taure can, ya fi ta nama. Je ka kama, ka bar mini ita."

Ya dube ni ya dubi akuyar, ya ce, "Wallahi yunwar nan ta fara taɓa wa mutane kai." Amma da sauri ya tafi ya kama tauren kafin in sake shawara.

Na san abin da ya faru ba sai an faɗa mini ba. Duk manomi mai hankali idan zai rage dabba, tsohuwar da ta daina haihuwa yake fara fitarwa. Malam Isiyaku ya yi abin da ubansa da kakansa za su yi. Abin da ke raina shi ne kwana biyun nan da garken ya yi ba mai tsaro, a gindin duwatsu, a irin wannan shekara. Na ba Kyalla ruwa da dusa, na sa wa Duna nasa a gefenta, sai da ta sa baki sannan ya ci. Na samu wata motar ɗaukar gyaɗa da za ta Roni ba kaya, na ɗora akuyar, ya yi tsalle ya hau da kansa. Daga Roni muka taka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka hango rufin gidan. Akwai busasshiyar ƙorama tsakanin gidan da duwatsu, can na hango awakin suna tsintar 'ya'yan gawo, Tabawa na tsaye kusa da su da taɓarya a hannu. Ni ban ga komai ba sai wannan. Amma Duna ya tsaya cak. Ya ɗaga hanci sama, ya juya kai a hankali, gashin bayansa ya miƙe tun daga wuya har gindin wutsiya. Sai na ji gurnanin nan. Ya waiwayo ya dubi Kyalla sau ɗaya, ya bar ta a hannuna ya tafi.

Ba wajen duwatsu ya nufa ba, wajen awakin ya nufa. Ya zagaya su da sassarfa yana tura na gefe da kafaɗa har suka dunƙule wuri ɗaya, sannan ya fita gabansu ya tsaya yana fuskantar wata gaɓa ta ƙoramar. Sai a lokacin na gan ta. Kura ce babba, ta rame, ta lafe a ƙarƙashin gaɓar, tazarar da ke tsakaninta da Tabawa ba ta fi jifa ba, kuma Tabawa ta ba ta baya. Da ta ga an gan ta sai ta fito fili. Ta bi dama, ya bi dama. Ta bi hagu, ya bi hagu, daidai yadda karen Baffa Ori ya yi mini ranar farko. Ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ga shi ya kwana biyu a hanya, amma bai ja da baya ba, kuma bai yi wautar afka mata ba. Sau ɗaya ta kawo cafka, na ji ƙarar haƙori a kan ƙarfe, ta yi baya tana girgiza kai. Sannan ya buɗe murya. Tabawa ta sa ihu, ni ma na sa, maza suka fito daga gidaje da sanduna. Kurar ta juya ta hau duwatsu tana ɗingishin nan nasu. Ya raka ta zuwa bakin ƙorama, ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari a kan dutse, ya dawo.

Malam Isiyaku ya iso yana haki. Ya ga akuyar a hannuna, ya sunkuyar da kai.

Tabawa ta ce, "Malam, ga ta nan. Na ce maka a sayar da jar akuyar nan, ka ce jar tana da ciki. To ina jar take yanzu?"

Ya ce, "Jiya kurar ta ɗauke ta, Haladu. Da rana tsaka. Ka faɗa mini tun farko, ban manta ba. Na ɗauka ya girma, ya saba da sauran." Sannan ya ce, "Abin da na karɓa a kanta mun riga mun auno dawa. Ba ni da abin fansarta."

Na ce, "Malam, ba sayar maka na zo yi ba. Akuyar nan tawa ce yanzu. Kiwo na kawo maka. Ka ba ta ruwa, ka ba ta abin da ka samu. Ba ka da ikon sayar da ita, ba ka da ikon yanka ta, ko suna ake yi a gidan nan."

Tabawa ta ce, "Ko biki ake yi." Ta karɓi igiyar daga hannuna.

Kada ku ɗauka tausayi ne kawai. Ni ɗan kasuwa ne. Da garken nan ya ƙare, da an ce karen Haladu ya gudu ya bar awaki, kuma ba mai sake zuwa wurina. A hanyar komawa na ga gyaran da sana'ata ke bukata. Tun daga ranar ban sake sayar da uwar kare ba. Ɗanta nake sayarwa da wata akuyar, ita kuwa in ba da ita kiwo, tana nan a matsayin tawa. Abin da ba naka ba, yunwa ba ta sa ka kai shi kasuwa.

Gidan Malam Isiyaku sun fita farin da awaki a shinge, ba su bar garinsu ba. Da ruwa ya dawo, labarin Duna ya riga ni zuwa ƙauyuka, na yi shekarun da ban taɓa yin irinsu ba. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikata da 'yan kwangila suka fara sayen gonaki suna zuba dabbobi. Har wani malamin asibiti mutumin Filato ya karɓi karnuka biyu a hannuna, shi ya fara kai ni inda ake yi wa karnuka allurar hauka. Wasu sun bi ƙa'ida sun ji daɗi. Wasu suka ɗauke karen suka kai gida cikin gari suna ba shi ragowar nama, suka dawo suna cewa ba ya aiki. Daga baya aka sare dajin, aka kawo wayar shinge da bindiga, kura ta yi nisa, sana'ar ta ja baya. Dila dai yana nan, shi ya sa saurayin nan ya zo.

Ana cikin shekarun nan na kuɗi, wata safiya Malam Isiyaku ya yi sallama a ƙofar gidana, da abu a naɗe a hammata. Muka gaisa, ya shimfiɗa shi a gabana. Fatar Kyalla ce, an shanya ta da kyau.

Ya ce, "Tsufa ne. Ta kwanta ta kasa tashi, na kira liman da maƙwabta suka shaida, muka yanka kafin ta tafi a banza. Naman na raba sadaka da sunanka, ko ƙashi karen bai gani ba. Ga fatar, tunda taka ce."

Ban sake duban fatar ba. Na miƙe na leƙa bayansa, na dubi hanya har ƙarshen layi.

Na ce, "Malam, ina Duna?"

Ya ce, "Da na fito da fatar ya taso ya sansana. Ya biyo ni har bakin ƙorama, wajen dutsen nan. Ya tsaya yana kallona har na haura. Sai wata 'yar akuya ta yi kuka a baya."

Na ce, "Sai me?"

Ya ce, "Sai ya koma."